Dardumar Yemma da Sheƙar Shamuwa

Ni dai tun ranar da Dadda Akka ya sauke murhun nan daga bayan motarsa na san ba alheri ya kawo mana ba. Dadda Akka wan mijina ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a Faransa yana ɗaure ƙusoshi a masana'antar motoci, amma in kuka ji shi yana magana sai ku rantse shi ya koya wa Turawa hura wuta. Ya dawo mana da tumbi, da wata hula mai baki da ba ya cirewa sai zai yi alwala, da murhun ƙarfe baƙi mai ƙofar gilashi, wanda sai da ƙarti huɗu suka kinkima suna nishi.

Mu da muke nan kan duwatsu, saman garin Azru, ai ba yau muka fara ganin sanyi ba. Muna da murhunmu na gwangwani, bututunsa ya leƙa ta taga, shekara ashirin yana ɗumama mu, yana dafa shayi, yana gasa burodi, bai taɓa ce wa kowa komai ba. Dadda Akka ya dube shi sau ɗaya ya taɓe baki.

"Bassu, wannan fa? Gidan ubanmu ne ko rumfar makiyaya? Bututu ta taga kamar wutsiyar jaki! Ga hanyar hayaƙi da kakanmu ya gina cikin bango, an bar ta tana barci."

Bassu, wato mijina, ya ce, "Gaskiya ne, Dadda."

Ku riƙe kalmomin nan uku, don su ne duk abin da Bassu ya mallaka in wansa na kusa. Namiji ne har namiji in zai yi wa tumaki tsawa. Da Dadda Akka ya shigo, sai ya koma kamar jiƙaƙƙen burodi.

Hanyar hayaƙin da ake magana ta dutse da laka ce. Ta tashi daga babban ɗaki na ƙasa, ta bi ta cikin bangon ɗakin sama, ta ɓulla kan rufi. Tun rasuwar surukina ba a ƙara kunna wuta a ƙarƙashinta ba. A bakinta na sama akwai faffaɗan dutse a kan tubala huɗu, a kan dutsen kuma shamuwa ta yi sheƙa, tarin ƙirare da ya kai girman keken jaki. Duk ƙarshen hunturu shamuwa biyu sukan dawo cikinta, in kaka ta yi su tafi. A lokacin sun riga sun tafi.

Ɗakin saman nan kuwa nawa ne, kuma a jikin wannan bangon masaƙata take tsaye. Sati uku ke nan da na kafa ta. Ba darduma ce ta kai wa kasuwar Talata ba. Yemma, mahaifiyata, ta rasu da bazara, ta bar mini buhu guda na farin ulu da ta kaɗa da hannunta a hunturunta na ƙarshe, lokacin idonta ya riga ya tafi, da yatsu kawai take jin kaurin zare. Zaren bai isa darduma ba, kamu uku kawai zai yi, don haka da shi na fara, na ce in ya ƙare in ci gaba da nawa. Duk ƙullin da na yi sai in ga babban yatsanta. Ban da wannan zaren ba ni da komai nata, sai tsohon mazari.

Aka kira Mu'allim Haddu maƙeri ya haɗa murhu. Haddu dattijo ne, ɗan siriri, ba ya yawan magana, rabin murahun ƙauyen nan shi ya buga. Bai taɓa murhun ba tukuna. Ya ce a ba shi jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ya cusa ta a bakin hanyar hayaƙin ya kunna, ya ce da ni, "Lalla Tuda, hau sama ki gaya mini abin da kika gani."

Na hau. Wallahi ban kai ga masaƙa ba na fara tari. Hayaƙi na fitowa daga bango siriri-siriri, ta wuri biyar ko shida, har da can sama kusa da katakon rufi. Na leƙo ta matakala na ce, "Mu'allim, bangon nan rariya ne!"

Haddu ya share hannu a rigarsa ya ce, "To, Si Akka, ka ji. Cikinta ya tsattsage. Sai an zura mata bututun ƙarfe daga sama har ƙasa, hayaƙi ya bi cikin ƙarfe kada ya taɓa laka. In ba haka ba, wannan murhun naka mai riƙe wuta a hankali ne, hayaƙinsa zai huce a cikin dutse ya koma kwalta. Kwalta kuwa ba ta zama inda aka bar ta."

"Daga sama?"

"Daga sama. A ɗaga dutsen."

"Sheƙar fa?"

"A sauke ta. Babu kowa a ciki. In mun gama in buga musu faranti na ƙarfe a gefe, mu mayar da ƙiraren."

Dadda Akka ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba in ba wajen alwala ba, ya dafe ƙirji. "A taɓa sheƙar shamuwa? A gidan ubana? Haddu, kana cikin hankalinka? Tsuntsun da albarkar gida ke ƙafarsa! Tun kakanmu ba wanda ya ɗora wa sheƙar nan hannu, sai ni Akka za a ce na dawo daga Turai na rushe ta? Mutanen gari su ce me?"

Nan ne gaskiyar ta leƙo. Mutumin da ya shekara talatin bai aiko ya tambayi lafiyar shamuwa ba, ko lafiyarmu ma. Ba tsuntsu yake ji ba, bakin masu shan shayi a ƙofar masallaci yake ji.

Ya ci gaba, "Kuma ni na zauna a gidajen da hanyar hayaƙinsu ta shekara ɗari uku, ba bututu ba komai. Ku maƙeran ƙauye, in ba ku cusa wa mutum gwangwani ba barci ba ya ɗaukar ku."

Haddu ya sunkuya ya shiga kwashe ragowar ciyawarsa. Ni ce na kasa haƙuri. Na sauko na ce, "Dadda, masaƙata na jikin bangon nan. Zaren Yemma ne a kai."

"To ki matsar da ita mana."

Na dube shi, na dubi Bassu. Bassu ya san amsar, uwarsa ma masaƙiya ce. Masaƙa in an kafa ta, an ja zaren tsaye, rai ya shiga. Ba a kwance ta, ba a ja ta zuwa wani bango, ba a tsallaka ta, sai ranar da aka yanke darduma. Ko jaririyar da ke goye a ƙauyen nan ta san wannan. Na faɗa masa haka.

Sai ya tuntsire da dariya, tumbi na rawa. "Katako da rai! Kai, matan ƙauye da camfi! Bassu, har yanzu kuna nan inda na bar ku?"

Kun ji fa. Tarin ƙirare da kashin tsuntsu a kan rufi, wannan albarka ce. Masaƙata kuwa camfi. Na juya ga mijina na ce, "Bassu, kai me ka ce?"

Ya sosa ƙeya. Ya dubi murhu, ya dubi takalminsa. "Ai... sai in shafe tsagogin da laka. Gaskiya ne, Dadda, sheƙar ba ta taɓuwa."

Haddu ya haɗa musu murhu kamar yadda suka ce. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ni a hankali, "Lalla Tuda, ki yi sauri da saƙar nan."

Bassu ya kwaɓa laka ya bi tsagogin da ya gani ya shafe, ya ja da baya yana kallon aikinsa kamar wanda ya gina hasumiya. Ni kuma na rataya tsofaffin barguna biyu tsakanin bango da masaƙa, na zauna na kama aiki. Darduma irin wannan, mai dogon gashi, wata huɗu take ci in mace na da hankali. Na ce zan yi ta a uku.

Dusar ƙanƙara ta sauko da wuri a shekarar. Dadda Akka ya ja kujera gaban ƙofar gilashinsa ya zama limamin murhu. Ba mai sa itace sai shi. Busasshen itacen da muka tara tun rani ya ce yana saurin cinyewa, ya sa aka kawo masa ɗanye daga daji, wai shi ya fi daɗewa. Ya cika cikin murhun, ya toshe ƙofar iska, wuta ta yi ta cin ranta a hankali ba harshe, gilashin ya yi baƙi ƙirin har ba a ganin komai. Ya ce haka Turawa ke yi. Maƙwabta su zo kallo, a zuba musu shayi, ya yi ta ba su labarin Faransa, su kuma suna gyaɗa kai suna cin gyaɗar gidanmu.

"Kun ji ɗumi? Ɗumi mai ilimi ke nan. Ba irin na gwangwani ba, ya ƙona maka gwiwa bayanka na daskarewa."

Ɗumi kam akwai, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma a sama wari ya fara, wari mai ɗaci irin na tsohuwar tukunyar da ta ƙone. Kullum da safe sai na ɗaga barguna na duba bango. Wani wuri ya yi gumi launin shayi, in goge, in ƙara tsumma. Na duba fuskar darduma, fara tas. Abin da na saƙa kuwa ina naɗe shi a jikin katakon ƙasa, kamar yadda ake yi, in saƙa kamu guda in naɗe, in saƙa in naɗe. Zaren Yemma ya riga ya shige can ciki, na ce ai shi ya fi kowa tsira.

Sau biyu na ƙara yi wa Bassu magana. Na farko ya ce in bari sanyi ya wuce. Na biyu ya ce, "Tuda, so kike in yi faɗa da wana a kan tsumma?"

"Tsumma?"

"Ba haka nake nufi ba."

"A'a, faɗi dai. Ka iya magana ashe, in ni ce a gabanka."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi wajen tumaki, can inda ake jin tsoronsa.

Na saƙa har yatsuna suka tsage, na ɗaure su da tsumma na ci gaba. Ranar da na kai ƙarshe, wata uku da kwana tara, na aika aka kira Itto maƙwabciyata da mata biyu, don ba a yanke darduma mace ɗaya. Na dafa shayi, na yi burodi da man zaitun. Itto ta tsoma yatsu a ruwa ta ɗiga wa zaren tsaye, kamar yadda ake ɗiga wa mai barin duniya, muka yi salati, na sa wuƙa na yanke. Sannan muka kama katakon ƙasa muka fara warwarewa.

Kamu na farko fari. Na biyu fari. Itto har ta fara guɗa. A na uku sai ga ɗigo a gefen hagu, kamar ƙwayar zaitun. Muka juya katako, ga shi kuma, ya fi na farko. Muka sake juyawa, ya kai tafin hannu. Guɗa ta tsaya. Duk juyi ɗaya baƙin na ƙaruwa, yana cin hanya zuwa tsakiya, har muka iso kamu ukun da na fara saƙawa, zaren Yemma, wanda ke manne da katako. Sai da muka ɓamɓare shi. Ya sha kwalta ya yi tauri, gashin ya dunƙule, baƙi mai sheƙi tun daga gefe har kusan rabi.

Itto ce ta gano hanyar. Ta ɗaga fitila ta bi gimshiƙin masaƙa na hagu da kallo. Kan gimshiƙin yana tokare da bango can sama kusa da katakon rufi, sama da inda barguna suka tsaya, inda hannun Bassu bai kai ba, ko ƙyuya ta hana shi ɗauko tsani. Daga nan kwalta ta riƙa fitowa, ta bi bayan gimshiƙi inda ido ba ya gani, ta gangaro kan katakon ƙasa, ta shige cikin naɗin ta ciki. Wata uku ina gadin bango, ita kuwa tana shiga ta bayan gida.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na durƙusa na sa hannu a wurin, ina neman ƙulli ɗaya da zan gane. Babu. A ranar na ji Yemma ta mutu, fiye da ranar da aka binne ta.

Muka sauko da dardumar, mu huɗu, muka shimfiɗa ta a babban ɗaki gaban maza. Bassu ya yi tsuru-tsuru. Dadda Akka ya sunkuya, ya taɓa da ɗan yatsa, ya shinshina, ya ce, "Wannan ai daga ulun ne. Tsofaffi ba sa wanke ulu da kyau, maiƙon tunkiya ne ya fito."

Itto ta ce, "Si Akka, tunkiyar Faransa ce mai maiƙo baƙi? Mu namu fari ne."

Ni na sunkuya na naɗe dardumata. Da na buɗe baki a lokacin, da yanzu ba a gidan nake ba.

Da rana ta ɗan yi ƙarfi na kai ta rafi. Na jiƙa, na buga, na sa sabulu, na sa toka, har kananzir na sa. Hannuwana suka mutu don sanyin ruwa. Baƙin ya ɗan koma ruwan ƙasa a gefe-gefe, shi ke nan abin da na samu.

Bayan sati biyu shamuwa suka dawo. Duk ƙauye aka fito kallo, Dadda Akka na gaba, ya harɗe hannu a baya kamar shi ya aika musu takardar gayyata. Suka yi shawagi a kan gidanmu. Hayaƙin ɗanyen itace na tuƙuƙi ta ƙarƙashin dutsen, rawaya-rawaya, ya turare sheƙar, ƙiraren duk sun yi baƙi. Ɗaya ta sauka, ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta girgiza kai, ta tashi. Suka ƙara zagaye biyu suka wuce. Kafin la'asar an gan su suna jidar ƙirare zuwa kan rufin Mu'allim Haddu.

Kai, ranar na yi dariya har na riƙe ciki, dariyar da ba daɗi a cikinta. Tsuntsu ma ya fi su hankali, sau ɗaya ya shinshina ya san abin da ake ciki.

Kwana uku Dadda Akka bai je ƙofar masallaci shan shayi ba. A na huɗu, muna cin kuskus, ya gyara murya ya ce, "Bassu, na yi tunani. Hanyar hayaƙin nan tana son bututun ƙarfe. A Faransa doka ce ma, ba a haɗa murhu sai da shi. Tun farko abin da nake nufi ke nan, sai dai ba a yi wa mutanen ƙauye gaggawa."

Bassu ya ce, "Gaskiya ne, Dadda."

Na ajiye cokali na tashi.

Haddu ya zo da bututunsa a kan jaki. Aka sa ƙafa aka ture sheƙar nan da ba ta taɓuwa, ta faɗo bayan gida, ba wanda ya ko waiwaya. Haddu ya fara aiki bayan azahar. Kafin a kira la'asar ya gama, har ya sha shayi. Abin da aka hana ni ke nan, aikin tsakanin salla biyu. Da zai tafi ya ga dardumar a naɗe a lungu, ya ɗaga gefenta ya duba, ya mayar. Ya ce, "Hannun Lalla Yamna ne wannan. Na san kaɗinta." Yamna shi ne sunan Yemma na yanka. Shi kaɗai ne namijin da ya ambaci sunanta a duk wannan abin.

Bassu ya same ni daga baya yana murza hula a hannu. Wai ya yi shawara, a yanke kamu ukun da suka fi ɓaci, a daje bakin, sauran ai kusan fari ne tas, ko a kasuwa ba mai ganewa.

Na ce, "A yanke wanne?"

"Wurin da ya ɓaci."

"Wurin da ya ɓaci shi ne dardumar, Bassu. Sauran ai ni na kaɗa, gobe ma sai in kaɗa wani."

Washegari na share babban ɗaki, na kwashe tsofaffin shimfiɗu, na shimfiɗa ta a gaban murhu, baƙin na fuskantar ƙofa, daidai inda kujerar Dadda Akka take. Duk baƙon da ya shigo shi yake fara gani. In ya tambaya, ba na ƙari ba na ragi, nakan ce, "Farin na uwata ne, baƙin na mazan gidan." Dadda Akka ya daina gayyatar mutane kallon murhu. Da bazara ya ce iskar dutse ba ta karɓe shi ba, ya kama haya a birnin Meknas, ya bar mana murhun don ba mai iya ɗaga shi.

Murhun yanzu lafiya lau yake, da busasshen itace da bututunsa, ko wari babu a sama. Shamuwa na nan kan rufin Haddu, bana 'ya'ya uku suka yi. Bassu kuwa bai taɓa cewa in ɗauke dardumar ba, ba shi da wannan bakin. Abin da yake yi, in ya ga na fita ɗiban ruwa, sai ya jawo ɗan teburin shayi ya ɗora a kan baƙin, ya gyara masa zama sosai. In na dawo in ajiye tulu, in ɗauke teburin in mayar da shi jikin bango. Hunturu huɗu ke nan muna haka, ni da shi, kuma gobe ma zan ɗauke.